Shaidar da Ba Ta da Baki

Wata asuba cikin hunturu, muna fitowa daga masallaci a unguwarmu ta Tudun Wada, sai muka ji hayaniya ta wajen wani layi da ke gangarawa Kasuwar Barci. Muka tasam ma wurin. Ashe kantin wani tela aka fasa da dare, aka kwashe ɗinkunan mutane, aka haɗa da kan keke guda. Kafin gari ya gama wayewa wurin ya cika maƙil. Wannan ya ɗauki kwadon da aka ɓalle ya jujjuya, ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya miƙa gaba; wancan ya shiga kantin yana nuna inda ɓarawo ya taka; yara kuwa sai tsalle su ke yi bisa sawun da ke bakin ƙofa. Can sai wani ya tsinci warin takalmi a bayan kantin, ya ɗaga sama. Wani dattijo ya duba ya ce, "Af, ai na san wannan, na yaron nan ne ɗan gidan wane." Mutum biyu suka ce haka ne, ga ma ɗinkin da baduku ya yi wa maɗaurinsa da jan zare. Ba a sake tambayar kome ba. Aka tafi gidansu aka jawo yaron daga kan tabarma, kuma ba don mai unguwa ya iso da wuri ba, da ba da ƙafafunsa zai isa wurin 'yan sanda ba.

Muna komowa gida sai wani maƙwabcina, mutumin kirki mai son gaskiya, ya ce mini, "Malam, ai magana ta ƙare. Mutum ya kan yi ƙarya, amma takalmi ba ya ƙarya." Na yi shiru, gama ban sami abin da zan ce masa nan take ba. Amma maganar ta kwana a raina, ta kuma daɗe. Lalle takalmi ba ya ƙarya. Ba ya kuma faɗin gaskiya, don ba shi da baki. Abin da muka ji da kunnenmu ran nan muryar dattijon nan ce da ta mutum biyun da suka goya masa baya. Su suka ce takalmin na wane ne, mu kuma muka ƙara namu, muka ce mai takalmi shi ne ɓarawo. Tsakanin warin takalmi da ɓarawo akwai matakai biyu ko uku, mun tsallake su duka ba mu ankara ba.

To, abin nan da ya faru a bakin kantin tela shi ne ke gaban manyan kotunan duniya, sai dai su takalminsu ya fi namu tsada. A kan kawo musu ɗigon jini a ƙyalle, ko zanen yatsa a jikin kwalba, ko silin gashi, ko kwanson harsashi, ko takardar likitan da ya duba gawa, sa'an nan wani masani ya tashi ya ce ga abin da waɗannan ke nufi. Mutum kuwa yana tsaye cikin akwati, watakila wuyansa ne ke jiran igiya. Yaushe ya halatta alƙali ya karɓi irin wannan shaida? In ya karɓa, wane nauyi zai ba ta? Ni ba lauya ba ne, ba kuma likita ba. Akawu ne ni, aikina rijista da fayil. Amma ina ganin ta wannan ƙofa ma akwai abin da za a hango.

Wanda ya zauna makarantar allo har ya kai Suratu Yusuf, ya kuma saurari fassararta wajen tafsirin azumi, ya riga ya san rabin wannan ilmi. 'Yan'uwan Annabi Yusuf sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, ga riga a hannunsu jina-jina. Jinin kuwa jini ne na gaske, ido ya gan shi, hannu ya taɓa shi. Amma malaman tafsiri sun ce Annabi Yakubu ya jujjuya rigar bai ga inda ta yage ba, ya yi mamakin kyarkecin da zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau. Watau bai tsaya ga jinin ba, ya nemi abin da ya kamata a gani jikin rigar in labarin gaskiya ne. Daga baya a Masar wata rigar ta sake shiga shari'a, aka ce a duba ta ina ta yage, ta gaba ko ta baya. Da aka ga ta baya ce sai gaskiya ta fito, alhali ba wanda ya ga abin da ya faru cikin ɗakin. Can gaba kuma aka sami ma'aunin sarki cikin kayan ƙanensa. Duk wanda ya tsaya wurin da aka kwance kayan nan yana iya rantsewa ya gani da idonsa, ba zai yi kaffara ba. Amma in ya ƙara da cewa yaron ɓarawo ne, ya faɗi abin da ba haka ba, gama sa ma'aunin aka yi. Ga alama ta ƙarya, ga ta gaskiya, ga kuma wadda ganinta daidai ne fassararta kuskure, duk cikin sura guda.

Akwai kuma labarin da Ibnul Ƙayyim ya kawo cikin littafinsa na hanyoyin hukunci, wanda na ke so kowane ɗan sanda ya haddace. A zamanin Sayyidina Aliyu masu gadin dare suka kama wani mutum cikin kango, wuƙa a hannunsa da jini, ga gawa kwance gabansa. Aka tambaye shi, ya ce shi ya kashe. Ana shirin zartad da hukunci sai ga wani a guje yana cewa a dakata, shi ne ya yi kisan. Aka ce wa na farko, me ya sa ka amsa abin da ba ka yi ba? Ya ce shi mahauci ne, ya yanka saniya da asuba, fitsari ya matse shi, ya shiga kangon da wuƙarsa a hannu, sai ya yi kiciɓis da gawa, yana tsaye cikin ruɗewa aka rutsa shi. Ya duba ya ga ba mai yarda da maganarsa bayan abin da aka gani, saboda haka ya amsa, ya bar wa Allah. Dubi yadda alama ta jawo iƙirari, iƙirari kuma ya komo ya ƙarfafa alama, su biyu suka taru a kan marar laifi.

Saboda irin wannan ne malamanmu na Malikiyya ba su yar da alama ba, ba su kuma sake mata linzami ba. Sunanta a wurinsu ƙarina. Ibnu Farhun, alƙalin Madina wanda ya rasu a 1397, ya tara mas'aloli masu yawa cikin Tabsira inda a ke hukunci da ita. Alƙalan ƙasar nan kuwa tun can da su kan nemi masu sani. A kan sa tsofaffin mata su duba abin da ya shafi mata, a kira wanda ya san rauni ya auna shi don a san diyya, a tambayi dillalin shanu ko aibin da ke jikin dabba tsoho ne ko sabo. Amma in magana ta kai ga jini, a ce an ga mutum kusa da gawa da alamar kisa a jikinsa, wannan lausu ne kurum, watau zato mai ƙarfi. Ba a kashe shi da wannan sai dangin mamaci sun yi rantsuwa 50, wadda a ke kira ƙasama, sun ɗauki nauyin abin a wuyansu. Mutumin da ya zo ba da shaida kuma ba a karɓarsa don ya iya magana. Sai an yi masa tazkiyya, an sami adilai sun ce sun san shi, sun zauna da shi, ba maƙaryaci ba ne. A bincika ko akwai gaba tsakaninsa da wanda a ke ƙara, ko yana da wani amfani da zai samu. Bayan duk wannan sai a yi i'izari, a ce wa wanda shaida ta hau kansa, kana da abin da za ka soki wannan shaida da shi? Alƙalin da ya tsallake i'izari, hukuncinsa ya kan rushe.

Ɗan Adam dai ya daɗe yana neman shaidar da ba ta san kowa ba, wadda ba a saye da goro, ba ta kuma jin tsoron sarki. Wannan buri ne ya sa can da, a wurare da dama na Afirka ta Yamma, a kan jiƙa ɓawon gwaska a ba wanda a ke zargi ya sha. In ya amayar an ce ya kuɓuta, in ya mutu an ce alhaki ne ya kama shi. Mutane sun yarda da gwaska don itace ba shi da dangi. Sun manta mai jiƙawa yana da su, shi ne kuwa ya san yawan abin da ya zuba. Doka ta hana wannan tuni. Amma burin yana nan, ina kuma tsoron kada mu ɗauke shi daga kan gwaska mu ɗora bisa na'ura.

A nan Kaduna aka sauya wa shari'ar laifi hanya. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardauna, ta kira kwamitin masana shari'a. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat ne, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da shi akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Bida. Bisa shawararsu aka tsara kundin dokokin laifi wanda jama'a ke kira Finalkod, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe Nijeriya za ta sami 'yancin kanta. Dokar shaida da manyan kotuna ke aiki da ita yanzu kuwa ta 2011 ce, an yi mata gyara a 2023. Sashenta na 68 ya yarda kotu ta ji ra'ayin gwani in magana ta shafi kimiyya, ko rubutun hannu, ko zanen yatsa. Mai karatu ya lura da kalmar nan, ra'ayi. Sauran shaidu abin da suka gani ko suka ji shi za su faɗa, gwani ne aka keɓe aka ce ya faɗi abin da ya fahimta. Sashe na 135 kuma ya ɗora wa mai tuhuma nauyin tabbatad da laifi har ya kawad da duk wani kokwanto mai dalili. Doka ta buɗe wa gwani ƙofa, amma ba ta ce maganarsa ita ce hukunci ba.

Zanen yatsa shi ne dattijo cikin waɗannan shaidu. Wani jami'in Ingila a Indiya, William Herschel, ya fara sa mutane su dangwala hannu bisa takardar alkawari a 1858. A 1892 aka fara kama mai kisan kai da shi a ƙasar Ajantina. A 1901 'yan sandan Landan suka buɗe masa ofis. Shekara ɗari ana ɗaukarsa abin da ba ya kuskure. Sai ran 11 ga Maris 2004 aka tayad da bama-bamai cikin jiragen ƙasa a Madrid, babban birnin Sifen, mutum fiye da 190 suka hallaka. Aka sami zanen yatsa jikin wata jakar leda mai kayan tada bam, aka aika hotonsa ƙasashe. Gwanaye uku na hukumar FBI ta Amurka suka ce na wani lauya ne Musulmi, Brandon Mayfield, mazaunin jihar Oregon. Kotu ta ɗauko gwani na huɗu daga waje, shi ma ya ce haka ne. 'Yan sandan Sifen sun ce su dai ba su gamsu ba, ba a kula su ba. Aka tsare mutumin mako biyu, sa'an nan Sifen ta gano mai yatsan, ashe wani mutumin Aljeriya ne. A 2006 Gwamnatin Amurka ta nemi gafarar lauyan nan, ta biya shi dala miliyan 2.

Yaya gwanaye huɗu suka taru a kan kuskure guda? Dalili shi ne, zanen da ɓarawo ya bari ba kamar wanda a ke dangwalawa da tawada a ofis ba ne. Sau da yawa rabi ne, ya goge, ya karkace. Kwamfuta ta kan zaƙulo 'yan kaɗan masu kama da shi daga cikin miliyoyi, amma mai cewa "wannan ne" mutum ne da idonsa. In na farko ya riga ya faɗa, na biyu kuma ya san abin da na farko ya ce, to, idonsa zai fi ganin inda suka yi kama bisa inda suka saɓa. Mu ma'aikatan ofis mun san wannan cuta, gama takardar da babba ya riga ya sa wa hannu ba a cika karanta ta ba. Hausawa kuwa tuni suka ce kama da wane ba ta wane.

Na gashi ya fi wannan muni. A 2015 hukumar nan ta FBI ta amsa da bakinta cewa cikin gwanayenta 28 masu duba gashi da madubi mai ƙara girma, 26 sun zarce iyakar da ilminsu ya ba su. Cikin shari'u 268 da aka sake dubawa, fiye da 95 bisa ɗari an faɗa wa kotu abin da ya wuce gaskiya, mutum 32 daga ciki kuwa hukuncin kisa aka yanke musu. Ba a ce toshi mutanen nan suka karɓa ba. Sun dai saba cewa "tabbas" a inda ya kamata su ce "mai yiwuwa ne."

Gwajin ƙwayoyin halitta, wanda likitoci ke kira DNA, ya fi duk waɗannan ƙarfi, ba na musun haka. Wani masani a Jami'ar Lesta ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano hanyarsa a 1984. Abin da ya fi burge ni shi ne aikinsa na farko a shari'ar kisa wanke mutum ya yi. An kashe 'yan mata biyu a wasu ƙauyuka kusa da Lesta, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya amsa laifin kashe ta biyun a hannun 'yan sanda. Da aka gwada sai aka ga mutum ɗaya ne ya yi aika-aikar duka biyu, kuma ba saurayin nan ba ne. Ga mahaucin zamanin Sayyidina Aliyu ya sake dawowa. Aka shiga ɗibar jinin mazan yankin, dubbai, ba a sami mai laifin ba, gama shi, wani mai gashin burodi, ya aiki abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Sai da abokin nan ya yi suɓul da baka wajen hira, wata mata ta ji ta kai rahoto, sa'an nan aka kama shi, aka ɗaure shi a 1988. Gwajin bai yi kuskure ba. Sunan da aka rubuta jikin kwalbar ne na ƙarya.

A Jamus kuma an yi shekaru ana neman wata mata da aka ga ƙwayoyin halittarta a wuraren laifi kamar 40, a Jamus da Ostiriya da Faransa, daga fasa gidaje har kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. Aka sa lada mai yawa ga wanda ya nuna ta. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da 'yan sanda ke goge wurin laifi da shi. Ƙwayoyin halittar nata ne, babu shakka. Amma ba ta taɓa taka ko ɗaya daga wuraren nan ba.

A nan ne na ke ganin akawu yana da ta cewa. Malaman hadisi ba su karɓar magana don daɗinta, sai sun bi salsala, wane daga wane daga wane, in an sami mutum ɗaya a tsakiya wanda ba a san shi ba, ko mai mantuwa ne, sai darajar hadisin ta faɗi ko da sauran duk adilai ne. Ƙyallen jini ma salsala gare shi. Akwai ɗan sandan da ya ɗauka, da wanda ya naɗe, da wanda ya rubuta suna da lamba, da mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar kayan shaida, da wanda ya ɗauka a mota in an ce sai an kai Abuja ko Legas, da wanda ya karɓa can, da wanda ya gwada, da wanda ya buga sakamako a takarda. Kowane ɗaya cikinsu mai shaida ne, ko da ba za a taɓa ganinsa a kotu ba. In an ƙulle ƙyalle da danshinsa cikin leda, zafin ƙasarmu ya ruɓad da shi, shi ya sa masana suka ce a shanya shi a inuwa a naɗe da takarda. In an ajiye rigar mamaci da ta wanda a ke tuhuma cikin buhu ɗaya, to, an riga an yi masa shaidar zur ba da niyya ba. Ni da kaina na taɓa ganin mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, takardar wannan ta faɗa fayil ɗin wancan, sai da aka yi watanni kafin a warware, shi kuwa maganar kuɗi ce kawai. Ina ga maganar rai?

Saboda haka a ganina abin da ya wajaba shi ne a yi wa wannan shaida tazkiyya kamar yadda a ke yi wa mutum. A tambayi hanyar kanta, an taɓa jarraba ta inda aka riga aka san amsa, a ga sau nawa ta ke kuskure? Kotun Ƙoli ta Amurka ta ɗora wa alƙalanta irin wannan tambaya tun 1993, a shari'ar Daubert. A tambayi gwanin, ina ya koya, wa ke biyansa, an gaya masa wanda 'yan sanda ke zargi kafin ya duba? A kawo rijista a ga hannun kowa da kwanan wata, in akwai kwana uku da ba a san inda kayan suka kwana ba, a faɗa. Bayan wannan duka akwai tambayar da na'ura ba ta amsawa, wadda ita ce aikin alƙali: an yarda yatsan nasa ne, to, yaushe ya taɓa kwalbar, kuma me ya kai shi? Yatsan ɗan aike yana jikin kowace ƙofa ta gidan ubangidansa.

Dokarmu ta yarda a miƙa takardar wasu jami'an Gwamnati, kamar likitan binciken gawa, ba sai sun zo da kansu ba, ko da ya ke kotu tana da iko ta kira su a yi musu tambayoyi. Na san dalili, likitocin kaɗan ne, shari'u kuwa da yawa. Amma in ran mutum ne a kan ma'auni, ni dai ina ganin a kira shi. Takarda ba a titsiye ta, ba ta in-ina, ba ta cewa "a nan kam ban tabbata ba." Sa'an nan ina amfanin i'izari ga talakan da aka karanta masa sakamakon gwaji da Turancin da ko lauyansa bai gane ba, in ma yana da lauyan? Mai kuɗi ya kan ɗauko nasa gwani ya ƙalubalanci na Gwamnati. Ɗan dako a Kasuwar Barci sai dai ya ce Allah ya isa. Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ba kowa haƙƙin ya yi wa mai shaida a kansa tambaya, amma wanda bai san abin da zai tambaya ba, haƙƙin nan a takarda ya tsaya masa.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa a bar gwaje-gwajen nan. Ina! Mu tamu cutar ta rashinsu ce. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a Satumba 2017, aka lalata ta cikin tarzomar Oktoba 2020. Inda babu gwaji kuwa, abin da ya saura a hannun mai bincike shi ne iƙirari, kowa kuma ya san yadda a kan sami iƙirari in an rufe ƙofa. Ba don haka ba, da ba a yi dokar tafiyad da shari'ar laifi ta 2015 ba, wadda Jihar Kaduna ta yi tata a 2017, inda aka tanadi a ɗauki bayanin wanda a ke tuhuma gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, a kuma ɗauki hotonsa na bidiyo in da hali. Da kuma ba a yi dokar hana azabtarwa ta 2017 ba. In aka ce in zaɓa tsakanin gwani mai iya kuskure da kulki, gwani zan ɗauka, gama shi ana iya sake duba aikinsa.

Mu jama'a ma muna da namu laifin. Kwadon telan nan ya bi hannu ashirin kafin ɗan sanda ya iso, ko da akwai zanen yatsan ɓarawo a jikinsa mun shafe shi da namu. Mafi wuya kuma ita ce maganar gawa. Mu kan gaggauta kai mamaci makwancinsa, haka addini ya koya mana, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar ya kwanta a maƙabartar Titin Bashama. In likita ya ce a dakata a duba, sai dangi su ce a bar shi, ya riga ya tafi, kada a wulaƙanta shi. Na san zafin wannan, ba na kuwa raina shi. Amma a Janairu 2020 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa wata mata hukuncin kisa bisa mutuwar mijinta da ta auku a Nuwamba 2017. An binne shi ba a yi binciken gawa ba, lauyoyinta suka kafa hujja da wannan, alƙali kuwa ya dogara ga alamun da suka kewaye al'amarin da maganar shaidu. Ba ina cewa an yi kuskure ba ne. Abin da na ke cewa, 'yan sa'o'in da likita zai yi da sun rage jayayyar da ta ci shekaru. Malamai kuma ba su rufe ƙofar ba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta buɗe gawa in alƙali na bukatarsa don gano sanadin mutuwa a shari'ar laifi. Mamaci yana da haƙƙin sutura, yana kuma da haƙƙin a san wanda ya kashe shi. Wanda a ke tuhuma ma yana da haƙƙin a duba ko kisan ne ko faɗuwa.

Bari in koma ga yaronmu. Kwanansa tara a tsare. Wanda ya fid da shi ladanin masallacinmu ne, tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya je da kansa ya ce ran Jumma'ar da ta wuce kafin fashin yaron nan ya zo masa yana cigiyar takalmansa da aka ɗauke a bakin masallaci, har shi ya ara masa silifa ya koma gida. Mutum biyu suka tuna haka aka yi. Takalmin nasa ne, dattijon nan bai yi ƙarya ba, jan zaren ma yana nan. Aka sake shi. Kayan tela kuwa ba a gan su ba har yau. Yaron bai ƙara wata uku a unguwar ba, gama in ya wuce yara su kan bi shi suna kiransa Mai-wari-ɗaya, sai ubansa ya tura shi Zariya wurin kawunsa.